Baba ya ce ba wanda zai ambaci Lungi

'Yar Kainji: Assalamu alaikum jama'a. Yau 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, tun safe talabijin ke nuna manya a Abuja suna ajiye furanni ana sakin tattabaru. Baba na zaune yana kallo, can sai na ji ya ce, "Ba wanda zai ambaci Lungi." Na ce Baba, ina ne kuma Lungi? Nan fa hira ta ɓarke, mutumin da shekara da shekaru in ka tambaye shi aikin soja sai ya ce "an yi, an gama." Na roƙe shi in riƙa rubuto muku abin da yake faɗa, ya ce in rubuta amma ban da sunansa. Sojan sama ne, sai dai ba matuƙi ba. Shi ne mai ɗora wa jirgin Alpha Jet makamai. A Kaduna ya koyi aikin, aka kai shi Kainji, can aka haife ni. A ƙarshen 1992 aka tura su Saliyo cikin rundunar ECOMOG, wato dakarun kiyaye zaman lafiya na ƙasashen Afirka ta Yamma.

Auta na Gyaɗi-Gyaɗi: Wa alaikis salam. Anya ba ki haɗa zance ba kuwa? ECOMOG ai Laberiya ta je. Na Saliyo sai zamanin Abacha.

Malamin Tarihi: Ba ta haɗa ba, Auta. Sojojin ƙasa ne suka sauka tashar jiragen ruwa ta Monrovia, babban birnin Laberiya, ranar 24 ga Agusta 1990, daga Najeriya da Ghana da Gini da Saliyo da Gambiya. To amma babban filin jirgin Laberiya, Robertsfield, yana hannun madugun 'yan tawaye Charles Taylor. Wanda ya rage a cikin gari, Spriggs Payne, ƙarami ne, kuma bindigogin 'yan tawaye na iya kaiwa gare shi. Shi ya sa jiragen yaƙi suka zauna a Lungi, filin jirgin Freetown babban birnin Saliyo, suna tasowa daga can. Tsakanin biranen biyu bai kai kilomita 400 ta sama ba. Wannan aron fili da Saliyo ta bayar ne ma ya sa Taylor ya fito a BBC ya yi mata barazanar za ta ɗanɗani ɗacin yaƙi, kuma a Maris 1991 mayaƙan RUF, 'yan tawayen Saliyo na Foday Sankoh, suka tsallako daga Laberiya suka shiga gundumar Kailahun.

Auta na Gyaɗi-Gyaɗi: Na karɓi gyara. Anti ci gaba.

'Yar Kainji: Baba ya ce a gai da Malam, ya ce ya fi shi sanin kwanan wata. Ya ce abin da ya fara tunawa ba yaƙin ba ne, tafiyar ce. Ranar 26 ga Satumba 1992 wani jirgin C-130 na sojan sama ya faɗi a fadamar Ejigbo jim kaɗan da tashinsa daga Legas, mutum sama da 150 suka rasu, yawancinsu hafsoshi ne masu kwas a Jaji. Ba a cika wata biyu ba aka ce su hau irinsa zuwa Lungi. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin sojoji sun yi tsit haka ba. Ana zaune a kan kujerun raga gwiwa da gwiwa, akwatunan kaya ɗaure a tsakiya, kowa kunnensa na kan injin. Wani kofur Kirista da ke gefensa ya ga carbi a hannun Baba, ya sunkuyo ya ce masa in yana ja ya riƙa haɗawa da shi. Da tayoyi suka taɓa ƙasa, ya ce ba tafi ba kabbara, kowa dai ya sauke numfashi ya ɗauki jakarsa.

Tsohon Kurtu 82: Allahu Akbar. Ni a ƙasa na yi nawa, Monrovia, lokacin da Janar Olurin ke kwamandan runduna. 'Yata ki ce da Baba wani ɗan'uwansa na gaishe shi. Ku yaran yanzu ba za ku gane abin da jirgin nan yake a wajenmu ba. Ranar 15 ga Oktoba 1992 Taylor ya afko wa Monrovia ta ko'ina, farmakin da suka sa wa suna Octopus. Yara ƙanana da bindiga, wasu sanye da gashin mata da rigar amare, suna fitowa daga cikin fadama kamar ɗango. Mu kuma teku na bayanmu, ba wurin ja da baya. In ka ji ƙarar Alpha ta wuce ta kanka sai ka ji kamar an zuba maka ruwan sanyi. Da ba don su da jiragen ruwa ba, da labarin ya sha bamban.

'Yar Kainji: Kawu, na karanta masa, ya cire hula ya mayar. Ya ce ku ne kuka yi yaƙi, su sifana kawai suka riƙe.

Ga yadda ya kwatanta mini yininsu. Ana tashi kafin asuba. Da gari ya ɗan yi haske sai a jera sahu a taka filin a hankali ana tsintar tsakuwa da noti da guntun waya, domin injin jirgin zuƙar iska yake, ƙusa guda in ta shiga ta gama da shi. Daga nan masu inji su duba nasu, masu mai su zuba, su kuma su turo keken bama-bamai da rokoki. Kowane makami da aka rataya a ƙarƙashin fiffike yana da fil nasa mai jan ƙyalle a jiki. Muddin fil ɗin na ciki, makamin ba zai saku ba ko da an taɓa maɓalli. Ita ma kujerar matuƙi, wadda ke cilla shi waje in jirgi zai faɗi, tana da nata. Sai jirgi ya kai bakin titin tashi, inji na ruri, sannan Baba ya sunkuya ƙarƙashin fiffike ya zazzare su ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya ɗaga su sama matuƙi ya ƙirga da ido, ya ɗaga masa babban yatsa. Shi ke nan. Ya zuba su a aljihu ya koma inuwa ya jira.

Ya ce jiran nan shi ne aikin. Ba ka cin abinci, ba ka hira mai tsawo, idonka na kudu maso gabas. Biyu suka tashi, biyu kake so ka gani. In ɗaya ya fara ɓullowa shi kaɗai, ya ce daƙiƙun da ke tsakaninsa da na biyun sun fi sa'a tsawo.

Maman Haidar: Wallahi jikina ya yi sanyi. Mu a gida wa ya san da wannan? Mijin yayata ya je ya dawo, abin da muka sani kawai ya zo da rediyo mai kaset biyu.

Ɗan Adawa: Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Ina girmama Baba, amma mu faɗi gaskiya: me ya kai mu? Babangida ya kwashi 'ya'yan talakawa ya kai su daji don ya ceci abokinsa Samuel Doe, shugaban Laberiya na lokacin. Har makaranta aka sa wa sunansa a jami'ar Laberiya, har da babbar hanya. Daga baya gwamnatin Obasanjo ta ce kimanin dala biliyan 8 aka kashe a Laberiya da Saliyo. Da a asibitoci da makarantu aka zuba su fa?

Malamin Tarihi: Abotar Babangida da Doe ba ɓoyayya ba ce, kuma ita ce hujjar Taylor ta ƙin yarda da rundunar tun farko. Amma in ceton Doe aka je yi, to an yi asarar tafiya, domin ranar 9 ga Satumba 1990, mako biyu da 'yan kwanaki da sauka, Prince Johnson, jagoran wani ɓangaren 'yan tawaye, ya kama shi a hedikwatar ECOMOG ɗin kanta, ya tafi da shi ya kashe. Abin da ya sa aka karɓi ragamar fagen daga Janar Quainoo na Ghana aka ba Janar Dogonyaro na Najeriya ke nan. Kar kuma ka manta akwai dubban 'yan Najeriya da suka maƙale a can, mutanen Taylor na farautarsu. 'Yan jarida biyu, Krees Imodibie da Tayo Awotusin, a can aka kashe su. Amurka, wadda ita ce uwar ɗakin Laberiya, ta kawo jiragen ruwa ta kwashe mutanenta ta bar saura.

Ɗan Adawa: To a kwaso namu a dawo mana. Sai a zauna shekara kusan goma? Kuma ƙarshenta fa? Taylor ɗin da aka yi ta jefa wa bam shi ya ci zaɓe a Yuli 1997 da kusan kashi 75 cikin ɗari, sojojinmu na gadin akwatuna. A 2003 muka ba shi masauki a Kalaba. Wannan wace irin riba ce?

Tsohon Kurtu 82: Yaro, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ruwa kake shafa wa naka. Ka je Monrovia ka tambayi wanda ya kai shekara arba'in da biyar wa ya hana a yanka shi a 1992. Sannan Taylor ɗin yau yana ina? A Gamboru Ngala aka damƙe shi a 2006 zai tsere, yanzu yana zaman kurkuku na shekara 50.

Ɗan Adawa: Kawu, ba ku nake zargi ba. Waɗanda suka aike ku nake zargi. Mutumin da ya hana zaɓe a gidansa shi ne ya je mayar da Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo a 1998, har aka sa wa titi sunan Abacha a Freetown. Abin ba ya ba ku dariya?

Auta na Gyaɗi-Gyaɗi: Wannan kam ko 'yan jaridar lokacin sun yi ta faɗa.

Ɗan Maraɗi: Mu ma namu na Nijar sun je Gini Bisau a 1999 tare da na Togo da Benin da Gambiya, ba su daɗe ba aka dawo da su. A nan ma ba mai zancensu.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a bar tsohon ya ƙarasa. Siyasar Abacha tana da ranarta, kuma kun san yadda take ƙarewa a nan.

'Yar Kainji: Na karanta masa na Ɗan Adawa, na zaci zai yi fushi. Dariya ya yi, ya ce yaron bai yi ƙarya ba, su ma a Lungi suna wannan gardamar da dare. Ya ce alawus ɗinsu sai ya yi wata da watanni bai zo ba, in ya zo kuma ya rame a hanya, ba ka da wanda za ka tambaya. Wasiƙa sai in jirgin kaya ya zo daga Ikeja. Hotona da Mama ta aika masa ina rarrafe, ya ce kafin ya same shi na fara gudu.

Amma ya fi daɗewa a kan zancen ruwa da abinci. Mutumin Sakkwato ne, ya ce bai taɓa sanin sama na iya riƙe ruwa haka ba. Daga Mayu zuwa Oktoba sai a kwana uku ana yi ba ƙaƙƙautawa, takalmi ya yi fumfuna, ashana ta ƙi kamawa. Ga iskar teku mai gishiri, ƙarfen da ka goge yau gobe ya fara tsatsa, sai sun bi mahaɗar wayoyi suna busarwa. Shinkafa safe, shinkafa rana, shinkafa dare, da miyar ganyen rogo da manja ya yi mata iyo. Ya ce makon farko kallonta kawai yake, kafin ya dawo kuma shi ke neman ƙari. In an samu hutu sai su hau jirgin fito su tsallaka Freetown, don Lungi ruwa ne ya raba ta da birnin. Abin da ya ba shi mamaki yawan Musulmi, ya ce ya zaci garin coci zalla zai tarar. Ya yi Juma'a da Fulani 'yan tireda, ya kuma haɗu da wani dattijo Bahaushe da kakansa ne ya je can, Hausarsa ta gauraye da Kiriyo amma gaisuwa ba ta ɓace masa ba. Shugaban ƙasar lokacin, Kyaftin Valentine Strasser, shekararsa 25 da ya ƙwaci mulki a Afrilun 1992. Baba ya ce ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma haka nan ake ƙame masa.

Haifaffiyar Kakata: Salamu alaikum. Na daɗe a wannan zaure ban taɓa magana ba, yau dai na kasa haƙuri. Mahaifina Bakano ne mai fataucin goro, mahaifiyata 'yar ƙabilar Kpelle ce. A Kakata aka haife ni, kan hanyar Monrovia zuwa Gbarnga inda Taylor ya yi hedikwata. Da aka fara neman 'yan Najeriya mahaifina ya sulale, mu muka zauna da dangin uwa, aka hana mu yin Hausa ko a cikin ɗaki. A 1992 shekarata tara. Jirgin da Baba yake wa lodi, mu Dudu Boy muke ce masa. Ba ka jin zuwansa, sai ya wuce ƙararsa ke faɗo maka a ka. Da an yi ihun sunansa kowa sai ya watsar da abin da ke hannunsa ya faɗa kwata ko cikin gonar roba. Mama takan kwanta a kaina ta toshe mini kunne. Yau shekarata ta haura arba'in, ina zaune a Kano kusa da filin jirgi, har gobe in jirgi ya yi ƙasa-ƙasa sai na tsinci kaina a durƙushe, 'ya'yana na dariya.

Ban zo ɗora wa kowa laifi ba. Sojojin nan ne dai daga baya suka ba mu shinkafa a shingensu, wani da ya ji na amsa masa da Hausa ya zauna a ƙasa yana hawaye, kuma ta hannunsu muka samu labarin mahaifina na raye. Tambaya ɗaya gare ni, in Baba zai amsa. Lokacin da yake zare fil ɗin nan, ya san inda za a kai kayan?

Maman Haidar: Innalillahi.

Tsohon Kurtu 82: 'Yata, Allah ya ba ku haƙuri. Amma mutanen Taylor a cikin jama'a suke ɓuya, motar makamai sai su lulluɓe ta kamar ta agaji. Matuƙin da ke gudun ɗaruruwan kilomita a sa'a yaya zai yi ya tantance?

Malamin Tarihi: Kawu, wannan ita ce amsar da rundunar ta bayar a lokacin, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba ta rufe zancen ba. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 1993 da ya lissafo hare-haren sama da suka faɗa kan farar hula, har da asibitin Phebe kusa da Gbarnga. Makaman kuma ba masu bin saiti ba ne irin na yanzu, da ido ake auna su. Ana iya cewa jiragen sun ceci Monrovia, a kuma ce sun kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Duka biyun sun faru.

Ɗan Adawa: Abin da nake faɗa tun ɗazu ke nan.

Malamin Tarihi: A'a, kai zancen kuɗi kake. Nata daban ne.

'Yar Kainji: Yaya, ki yi haƙuri da jinkiri. Na karanta masa naki har sau biyu, ya ce in sake. Ya tashi ya yi alwala ya dawo, ga abin da ya ce, ban ƙara ban rage ba:

"Ki gaya mata ban sani ba. Mu ba a shiga da mu ɗakin taswira. Takarda ake kawo mini, jirgi kaza, kaya kaza, ƙarfe kaza. In ɗora, in duba, in sa hannu a littafi. In jirgi ya dawo da kayansa sai in mayar da kowane fil mazauninsa. In ya dawo fiffike wayam, fil ɗin ya zama nawa, ba inda zan soka shi. A nan kawai nake sanin an sauke. Matuƙan ba sa faɗa, mu ma ba ma tambaya. Akwai wani yaro cikinsu mai yawan barkwanci, ranar da ya sauko bai kula kowa ba ya wuce ɗaki da hularsa a hannu, na san ya ga abin da bai so ba. Da dare mukan kama BBC mu ji Taylor na magana da Robin White yana cewa an kashe mata da yara, sai mu ce ai maƙaryaci ne. Kuma maƙaryacin ne. Amma na sani ba kullum yake ƙarya ba. Ban ce mata ba ni da hannu ba, hannuna ne ya zare. Da za a mayar da ni ranar, da mutanenmu a Monrovia teku na bayansu, zan sake zarewa. Wannan ne abin da ya hana ni ba da labarin shekara talatin."

Haifaffiyar Kakata: Na gode Baba. Allah ya ƙara girma da lafiya. Ban zaci za ka amsa ba.

Auta na Gyaɗi-Gyaɗi: Malamai na zaure, a shari'a wanda ya ɗora da wanda ya saki hukuncinsu ɗaya ne?

Mai Kula da Zaure: Auta, ka kai wannan gaban malaminka. Ba a yanke fatawa a kan dattijo yana zaune yana ji.

Tsohon Kurtu 82: Ni dai a gaya wa Baba, cikin waɗanda fil ɗinsa ya fitar da rai har da ni. 'Ya'yana bakwai.

'Yar Kainji: Na gaya masa Kawu. Ya ce kowa da inda ya tsaya ranar. Mama ce yanzu ta tona masa asiri, ta ce akwai guda ɗaya a ƙasan akwatin ƙarfensa tare da lambobin yabo da takardun fansho, ta sha yunƙurin yar da shi yana hanawa. Ni duk zamana a gidan nan na zaci maɓallin wata tsohuwar jaka ce.

Haifaffiyar Kakata: Don Allah in ba damuwa ki ɗauko hotonsa. Mama na nan tare da ni, na fassara mata duk abin da aka yi. Ta ce tana son ta gani.

'Yar Kainji: Na tura miki ta akwatin saƙo, Baba ya ce kar a baza shi a fili. Bai fi tsawon yatsa ba, ƙyallen ya koɗe ya koma ruwan ƙasa.

Maman Haidar: Me Mama ta ce?

Haifaffiyar Kakata: Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, ta sa na ƙara masa girma. Sai ta miƙo mini wayar ta ce, "Ashe ɗan wannan abin ne."